Amsa ga ɗana a kan teburin Baba

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka. Saƙonka ya iso gare ni, inda kake tambaya ko al'adarmu ta yarda a taɓa teburin marigayi kakanka da ka ɗauko daga gidanmu na Ƙaura Namoda, tunda kafinta ya ba ka shawarar a kankare samansa da inji a yi masa sabon fenti mai ƙyalli.

Al'ada ba ta hana a gyara kayan magabata ba. Abin da ake ƙi shi ne mutum ɗaya ya yanke hukunci a kan abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Lokacin rabon gado ba a sa teburin nan cikin kason kowa ba, an bar shi ne a zaure bisa yardar magada, saboda haka gwaggwanninka biyu suna da haƙƙi a kansa kamar yadda nake da shi. Ka je ka same su da ƙafarka, ba ta waya ba, ka nemi izininsu. Ni na amince, amma da sharaɗin kada inji ya hau kansa.

Teburin nan na madaci ne, kuma jan nan mai duhu da kake gani shekaru ne suka ba shi, ba kwalba ba. Launin bai wuce fatar sama ba, inji zai cinye shi cikin ɗan lokaci ya bar maka katako mai haske irin na kasuwa. Ka duba kusurwar dama, za ka ga baƙin tabo zagayayye inda kurtun tawadar kakanka yake zama; kusa da shi akwai ɗan kwari mai santsi inda yake ɗora gwiwar hannunsa idan yana rubutu bayan la'asar. Ina yaro nakan tsaya a gefen nan ina feƙe masa alƙalami. Waɗannan ba lahani ba ne da za a share.

Ka fara da wanki kawai. Ka tsoma tsumma mai laushi a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka matse shi sosai, ka goge kaɗan kaɗan kana tsanewa nan take, domin ruwan da ya kwanta a kan tsohon katako yana barin farin tabo. Sau da yawa abin da ake zaton lalacewa ce, dauɗar shekaru ce kawai. Duk abin da za ka shafa, ka fara gwada shi a ƙarƙashin teburin. Inda ka ji kaushi, ka bi da sanfefa mai laushi, wato mai lamba 220, da hannu, kana bin tsawon jijiyar itacen, kada ka gitta ta.

Na san za a ce maka ka shafa man gyaɗa, yadda iyayenmu mata suke shafa wa akushi mai don ya yi sheƙi. Akushi ana wanke shi kullum, tebur kuwa ba haka ba. Man gyaɗa ba ya bushewa, sai ya yi danƙo, ya kama ƙura, daga baya ya yi wari. Kakin zuma ya fi: ka shafa shi siriri, ka bari ya sha iska a inuwa, sannan ka murza da busasshen ƙyalle. Tsagar da ke tsakiya kuma ka ƙyale ta, da hunturu take buɗewa, da damina ta haɗe bakinta, idan ka cusa mata abu mai tauri sai ta ƙara tsagewa.

Koren fentin ƙafafun shi ne ya fi damuna, domin tsofaffin fenti sukan ƙunshi dalma. Mu mutanen Zamfara mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin sarrafa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Kada ka kankare shi a bushe, kada ka ƙona shi, kuma kada jikokina su matso wurin aikin. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar. Idan ka gama, kada ka jingina teburin da bango, ka kuma ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa saboda gara.