Me ya sa dodon Panzer Dragoon ba ya bin inda na juya shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na samu Panzer Dragoon a Nintendo Switch, wanda ake hawa dodo mai fukafukai ana harbi. Amma duk yadda na murɗa, dodon hanyarsa kawai yake bi, iyakaci in ɗan kauce sama ko gefe. Kasala ce ta masu yin gem ɗin, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba laifinka ba ne, kuma ba kasala ba ce. Wanda ke hannunka sabon zubi ne da aka fitar a 2020, na asalin kuwa Sega ta fito da shi a Japan a watan Maris na 1995, a kan na'urarta Saturn. Irin wannan gem ɗin tamkar jirgin ƙasa yake, an shimfiɗa masa layi ba ya sauka. Sega ta daɗe da yin irinsa tun Space Harrier na 1985.

Wani rukuni a cikin Sega mai suna Team Andromeda ne ya yi aikin, ƙarƙashin Yukio Futatsugi, wanda lokacin bai kai shekara 25 ba, da Manabu Kusunoki mai kula da zane. Sun fara a farkon 1994, ita kanta Saturn ba a gama ƙera ta ba. Ga ta kuma da wuyar sha'ani: manyan ƙwaƙwalenta biyu ne na Hitachi SH-2, sai an raba musu aiki da dabara, kuma ba ta iya zana siffofi masu yawa lokaci guda. To idan aka sake ka ka shiga ko'ina, dole a gina ko'ina ɗin. Da suka ɗaure ka a layi, sun san abin da idonka zai gani a kowane daƙiƙa, sai suka zuba ƙarfin na'urar a nan kaɗai. Dubi matakin farko, inda kake shawagi bisa teku, ga ginshiƙan tsohon birni sun leƙo daga ruwa suna rushewa daidai lokacin da za ka wuce. Ba dace ba ne, an auna shi. Hatta kiɗan Yoshitaka Azuma sai da aka gama tsara matakan aka rubuta shi, don ya tashi ya sauka tare da abin da ke faruwa.

Abin da suka hana ka a tuƙi, sun biya ka a waiwaye, kuma nan ne nake ganin basirarsu. A na asali, maɓallan L da R suna juya ka gaba, dama, baya, hagu, ga taswirar abokan gaba a lungun allo tana nuna ta ina ake zuwa maka. Mahayin yana da bindiga, amma in ka danne maɓallin harbi ka share su da saiti, sai ka saki, dodon ya aika musu da haske har takwas a tare. Mafi yawan masu cewa gem ɗin ya yi musu wuya, gaba kawai suke kallo, ana cin su ta ƙeya.

Ni dai na fi son na biyun, Zwei na 1996, domin a can hanya tana rabuwa biyu a wasu wurare, dodon kuma yana sauya kama gwargwadon yadda ka taka rawa. In kuma yawo kake so da gaske, sai Panzer Dragoon Saga na 1998, mai faifai huɗu, inda kake tashi inda ka ga dama. Sai dai samun faifansa na asali yau, sai mai kuɗi a hannu.