A-kori-kurata tana zafi idan na yi mata lodi, shin in cire tamostat?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar mota a-kori-kura mai injin fetur, silinda huɗu, wadda nake dakon kaya da ita, kuma ta kwana biyu a hannuna. A 'yan makonnin nan, idan babu kaya a bayanta tana tafiya lafiya lau, amma da zarar na yi mata lodi na kama hawa, sai allurar zafi ta riƙa tashi har ta kusa kai wa ja. Haka kuma duk bayan 'yan kwanaki sai na ƙara ruwa a lagireto, alhali ban taɓa ganin ɗigon ruwa a inda take kwana ba. Wani abokina ya ce in cire tamostat in jefar, wai matsalar za ta wuce. Ina so in duba da kaina kafin in kai ta gareji. Daga ina zan fara?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka cire tamostat, wato ƙofar da ke daidaita zagayawar ruwa tsakanin injin da lagireto, kuma kada ka sayi wani kayan gyara tukuna, domin bayanin da ka yi ya riga ya nuna hanyar da za a bi. Ruwa yana raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba, sannan zafin ba ya zuwa sai injin yana aiki mai nauyi. Abu na farko shi ya fi damuna, saboda hanyoyin ruwan injin a rufe suke, kuma motar da take lafiya tana iya yin watanni ba a ƙara mata ko ɗigo ba. Duk ruwan da kake ƙarawa akwai ƙofar da yake fita, don haka ita za ka fara nema.

Duk binciken da zan faɗa maka, in ban da wanda na ce a yi shi injin na aiki ko yana da zafi, da safe za ka yi shi, injin a sanyaye. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, amma murfin lagireto yana riƙe shi cikin matsi, shi ya sa yake iya kai wa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Idan ka kwance murfin da zafi, matsin zai tafi nan take, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya feso maka a hannu da fuska. Ƙunar da ake samu ta wannan hanya mai tsanani ce, kuma saurin da mutum yake yi bai kai darajar fatarsa ba.

Wannan murfin shi ne abin da zan fara tuhuma, ko da yake mutane da yawa ba sa ɗaukarsa a bakin komai. Cire shi ka juya cikinsa a haske. Za ka ga robobi biyu masu zagaye, da sifirin a tsakiya, da wani ɗan faifan ƙarfe a can ƙasa. Idan robar ta tsattsage, ko ta ƙandare, ko ta yi shatar zobe mai zurfi, ko kuma ka danna sifirin da babban yatsa ya lotsa ba tare da turjiya ba, murfin ya gama aiki. Murfin da ba ya riƙe matsi yana barin ruwa ya tafasa da wuri idan injin ya ɗauki zafi a kan hawa, ya turo shi cikin ɗan tankin roba da ke gefe, daga nan ya malala a kan hanya kana tafe, shi ya sa ba za ka ga komai a inda motar take kwana ba. Ɗan faifan nan na ƙasa kuwa aikinsa shi ne ya bar ruwan ya koma lagireto idan injin ya huce. Saboda haka idan ka tarar tankin roba a cike maƙil amma lagireto da saura, ko dai faifan ya maƙale, ko siririn tiyon da ya haɗa su ya fashe yana zuƙar iska. A saman murfin akwai lamba, yawanci 0.9 ko 1.1, wadda ke nuna matsin da yake riƙewa. Idan za ka sauya, nemi mai lamba irin wadda littafin motar ya faɗa, kada ka ƙara a kai, domin tsohon lagireto ba lallai ne ya jure ƙarin matsi ba.

Idan murfin lafiya yake, ɗauki tocila ka bi duk inda ruwa yake bi. Ƙaramin yoyo ba ya buɗewa sai da zafi da matsi, kuma ruwan yana bushewa a jikin injin kafin ya kai ƙasa, amma yana barin shaida: wani ɓawo fari, ko kore, ko mai launin tsatsa. Duba bakin kowane tiyo inda kilif ya ɗaure shi, da inda tankin sama da na ƙasa suka haɗu da jikin lagireto. Matsa tiyon da hannu, wanda ya yi laushi tiɓis ko ya kumbura kusa da kilif ya kusa fashewa. Sannan leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, a bayan fulinsa. Akwai wani ɗan rami da aka yi da gangan a wurin, kuma idan ka ga sawun ruwa ya gangaro daga cikinsa, robar da ke tare ruwa a cikin famfon ta mutu. Kama fulin ka girgiza, idan yana wasa to boris ɗinsa ma ya tafi. Kada ka manta da cikin mota: idan shimfiɗar ƙasa a gefen fasinja tana da danshi, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo, ƙaramin lagireton hita da ke ƙarƙashin dashbod ne yake yoyo.

Sai maganar zafi. Lokacin da allura take tashi yana nuna ɓangaren da ke da laifi. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce idan ta samu hanya, iska ce ba ta ishe ta ba, wato matsalar fanka. Wadda ke zafi cikin 'yan mintoci ko da a tsaye take, ruwa ne ba ya zagayawa sam. Taka kuwa tana iya zubar da zafi kaɗan amma mai yawa yana fin ƙarfinta, kuma wannan ya fi kama da lagireton da ya toshe rabi da rabi, ko ruwan da ya yi ƙasa, ko matsin da ke zurarewa. Haska tocila ta bayan lagireto ka leƙa ta gaba, ya kamata ka ga haske ta tsakanin siraran ƙarafunan. Idan motar tana da na'urar sanyaya ciki, duba ratar da ke tsakanin lagireto da kondensa, wato ɗan lagireton na'urar da ke gabansa, domin a nan ƙura da ciyayi da ƙwari suke taruwa su yi tabarma, alhali daga waje komai tsaf yake. Wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, saboda ruwa mai feshi da ƙarfi yana kwantar da ƙarafunan ya ƙara toshe hanyar iska. Toshewar ciki kuma ana gane ta ne bayan injin ya ɗauki zafi an kashe shi: ka shafa fuskar lagireto a hankali, nesa da fanka, kuma idan fankar ta lantarki ce ka cire kan batir tukuna, don tana iya tashi ko mota a kashe. Zafi ya kamata ya ragu sannu a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. Idan ka ji wani fili mai sanyi a tsakiyar wuri mai zafi, bututun da ke wurin sun toshe.

Yawancin irin waɗannan motoci, kamar tsofaffin Toyota Hilux da Mitsubishi L200, fanbel ne ke juya fankarsu ta hanyar wani kuloci mai man silikon a ciki. Idan ka dawo daga tafiya injin da zafi, kashe shi ka cire makulli, sannan ka wulla fankar da hannu. Mai lafiya za ta yi maka nauyi ta tsaya da wuri. Idan ta yi ta juyawa sakaka, ko ka ga maiƙo ya kama ƙura a tsakiyarta, kulocin ya lalace, kuma fankar tana juyawa ne a ido kawai ba ta jan iskar kirki. Ƙawanyar robar da ke kewaye da fanka ma ba ado ba ce, ita ke tilasta wa iska ta biyo ta cikin lagireto, don haka idan wani ya taɓa cire ta a mayar. Fanbel kuma, idan ka danna tsakiyarsa da yatsa, kada ya lotsa fiye da kimanin santimita ɗaya.

Yanzu ga shawarar abokinka. Tamostat ƙofa ce mai buɗe kanta idan ruwa ya kai wani zafi, a injuna da yawa tsakanin digiri 82 da 88, kuma ana buga lambar a jikinta. Gaskiya ne tana iya maƙalewa ta jawo zafi, amma maganin wannan shi ne a sa sabuwa. A injuna da dama tana da faifai na biyu a gindinta, wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin injin ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan ka cire ta, wannan hanyar za ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewaye lagireto, sai ka tarar zafin da kake gudu ya ƙaru a kan hawa. A tafiya marar nauyi kuma injin zai zauna da sanyi fiye da kima, kwamfutar motar ta riƙa ƙara fetur, shan mai ya ƙaru, fistin da ringi su riƙa cinyewa da wuri. Gwada ta ba shi da wuya. Kwance ta, ka lura da yadda take zaune don ka mayar daidai, ka rataye ta da waya cikin tukunyar ruwa a kan wuta ba tare da ta taɓa gindin tukunyar ba. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ta fara buɗewa, ta buɗe sosai, idan ta huce kuma ta rufe ruf. Wadda ta ɗan buɗe kaɗan ta tsaya tana iya haifar da ainihin abin da ka bayyana.

Idan za ka mayar da ruwa, ina roƙonka kada ka ci gaba da zuba ruwa zalla. Shi ne yake kawo tsatsa da ɓawon da ke toshe lagireto, yana kuma cinye farfelar famfon ruwa. Yi amfani da kulan, wato ruwan sanyaya injin na musamman, irin wanda littafin motar ya faɗa, idan mai kauri ne a gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa. Kulan guba ne mai zaƙi, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi. Ajiye motar gabanta ya ɗan ɗaga, murɗa hita zuwa zafi, cika lagireto, ka tayar da injin murfi a buɗe tun yana sanyi, ka riƙa ƙarawa har tiyon sama ya yi zafi kuma kumfar iska ta daina fitowa, sannan ka rufe.

A daidai wannan lokacin ka zuba ido sosai a bakin lagireto. Iskar da ta maƙale tana fitowa jefi-jefi ta ƙare. Idan kuwa ƙananan kumfa suna ta jerowa ba yankewa, suna ƙaruwa idan an taka totur, to hayaƙin silinda ne yake shiga cikin ruwa, alamar tof-gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ta ƙone. Sauran alamunta su ne farin hayaƙi daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, da tiyon sama da ke yin tauri minti kaɗan bayan tayar da injin mai sanyi, da baƙin mai da ya koma launin ƙasa-ƙasa mai kauri a jikin geji, da fulogi guda da ya fita tas fiye da 'yan uwansa saboda tururi yana wanke shi. Idan ka ga haka, nan aikinka na gida ya tsaya. Kan injin na alminiyam yana karkacewa da zafi, karkacewar da ido ba ya gani, sai an auna, wani lokaci a goge shi a inji, kuma notinansa suna da tsarin ɗauri da ma'aunin ƙarfi da sai da sifana ta musamman. Faɗa wa makanike abin da ka gani dalla-dalla, ka ce ya gwada matsin ruwa da na silinda kafin ya kwance komai.

Kafin ka kammala binciken, rage lodi. An rubuta nauyin da motar za ta iya ɗauka a littafinta ko a jikin ƙofar direba, kuma irin waɗannan motoci ba su cika wuce tan ɗaya ba. A kan hawa sauko giya ƙasa maimakon ka danne totur a babbar giya, domin famfon ruwa da fanka suna juyawa ne gwargwadon gudun injin. Idan allura ta fara tashi, kashe na'urar sanyi ka kunna hita ka ƙure ta, za ta kwashe wani zafin har ka samu wurin tsayawa. Idan ta kai ja, ko ka ga tururi, tsaya ka kashe injin nan take, ka buɗe bonet, kuma kada ka zuba ruwan sanyi a ciki ko a kansa sai ya huce har hannunka zai iya zama a kan tiyon sama.