Fyaɗe ai dama laifi ne, to wace doka kuma ƙungiyoyin mata suke nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni uba ne mai 'ya'ya mata, kuma maganar nan tana damuna. Kullum sai in ji ƙungiyoyin mata suna kiran a kafa dokar hana fyaɗe da cin zarafi. A sanina babu ƙasar da fyaɗe ba laifi ba ne, babu kuma addinin da ya halatta shi. To me suke nema bayan wannan? In kuwa hukunci ne ya yi kaɗan, me zai hana a ce kisa kawai, kowa ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya su, ya tsare mana su. Gaskiyarka ce, fyaɗe ya daɗe yana cikin jerin laifuka a dokokin duniya. Amma duk wanda ya taɓa raka yarinyar da aka yi wa wannan aika-aika daga ofishin 'yan sanda zuwa asibiti, daga asibiti zuwa kotu, ya san rubuta laifi a littafin doka daban, kai mai laifin gidan yari daban. A tsakani akwai kafofi da yawa da yake sulalewa ta cikinsu, wasu ma dokar ce da kanta ta bar su a buɗe. Su ne matan nan suke bi suna toshewa ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fi kowacce ban takaici a wurina ita ce kafar aure. A ƙasashe da dama doka ta tanadi cewa idan wanda ya yi wa yarinya fyaɗe ya aure ta, an yafe masa tuhuma. A Maroko sashe na 475 na dokar laifuka ne ya ba da wannan dama. A watan Maris na 2012 wata yarinya 'yar shekara 16 ta sha guba ta mutu bayan an aurar da ita ga mutumin da ta ce ya yi mata fyaɗe. Mata suka yi ta zanga-zanga a gaban majalisa a Rabat, har aka soke wannan tanadi a Janairun 2014. A 2017 Tunisiya ta bi sahu, Jodan ta soke nata sashe na 308, Labanon ta soke na 522 bayan masu fafutuka sun rataye fararen rigunan amare a bakin tekun Beirut. Duk waɗannan ƙasashe suna da dokar fyaɗe tun kafin nan, Malam. Sai dai dokar ta fi kula da rufin asirin dangi fiye da ita yarinyar da za a kai ɗakin wanda ya cuce ta.

Akwai kuma maganar shaida. A Indiya, a 1972, aka zargi 'yan sanda biyu da yi wa wata ƙaramar yarinya fyaɗe a cikin ofishinsu. Kotun ƙoli ta sallame su, tana kafa hujja da cewa ba a ga rauni a jikinta ba, wato ba ta yi kokawa ba, wato ta yarda. Malaman shari'a huɗu suka rubuta wa babban alƙalin ƙasar buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1979, ƙungiyoyin mata suka ɗauka daga nan, har aka gyara doka a 1983: idan fyaɗen ya faru a hannun hukuma, aka tabbatar an sadu, matar kuma ta ce ba ta yarda ba, kotu za ta ɗauki hakan sai in wanda ake tuhuma ya kawo abin da ya rushe shi. Wannan gyara yana da muhimmanci domin tsoro yakan sandarar da mutum. Da yawa ba sa iya ihu, ba sa iya motsi, kuma dokar da take jiran ganin jini da yagaggen tufafi kafin ta yarda za ta kori mafi yawansu.

A Najeriya kafar tana cikin ma'anar laifin kansa. Tsofaffin dokokin laifuka, waɗanda aka gada tun zamanin Turawa, sun taƙaita fyaɗe ga saduwar namiji da mace ta hanya ɗaya. Yaron da aka lalata, ko yarinyar da aka cutar da wani abu daban, ba su shiga ƙarƙashin fyaɗe, sai a nemo musu wani sashe daban. Gamayyar ƙungiyoyi mai suna LACVAW ta haɗu a 2001, ta yi ta kai ƙudiri majalisa yana mutuwa ana sake dawo da shi, sai a ranar 25 ga Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, saura 'yan kwanaki ya sauka. Dokar ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza, ta sa ɗaurin rai da rai, ta ce kada ɗaurin baligi ya gaza shekara 12, na masu taron dangi kada ya gaza 20, ta tanadi diyya da rajistar waɗanda aka samu da laifi. Amma a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, don haka sai da aka koma bin majalisun jihohi ɗaya ɗaya. Abin bai yi sauri ba sai bayan watan Yunin 2020, lokacin da fushin jama'a kan jerin fyaɗe da kisa ya sa gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar. A Senegal kuwa sai a Janairun 2020 aka ɗaga fyaɗe daga sahun matsakaitan laifuka zuwa na manya.

Wani zai ce ai ko ba su ba, gwamnati za ta gyara da kanta. Masu bincike biyu, Mala Htun da Laurel Weldon, sun duba ƙasashe 70 daga 1975 zuwa 2005, suka wallafa sakamakon a 2012. Abin da suka gano ya fi tasiri wajen samar da dokokin kare mata shi ne kasancewar ƙungiyoyin mata masu cin gashin kansu, fiye da arzikin ƙasa, fiye ma da yawan mata a majalisa. Ban yi mamaki ba. Ɗan siyasa yana da abubuwa ɗari a gabansa, wannan kuwa magana ce da kowa yake jin nauyin furtawa. In babu masu tsayawa a kanta shekara da shekaru, a ƙasan tebur take ƙarewa.

Yanzu batun kisa. Na fahimci zafin da ya sa ka faɗi haka, kuma akwai gwamnatocin da suka bi wannan hanya. Jihar Kaduna ta sa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ƙasa da shekara 14 fyaɗe tun Satumban 2020. Amma ni ina tare da matan da suke ja da baya a kan haka, kuma ba tausayin mai laifi ne ya sa su ba. Mafi yawan masu wannan ta'asa ba baƙi ba ne: kawu ne, maƙwabci ne, malami ne, mijin uwa ne. Idan dangi suka san kai ƙara yana nufin rataye ɗan'uwansu, yarinyar za su danne, su ce a bar maganar a gida. Alƙali ma idan rai ne a gabansa yakan ƙara tsananta neman shaida, sai sallama ta yawaita. Ga kuma fargabar cewa wanda ya san hukuncin fyaɗe da na kisa ɗaya ne ba zai bar mai ba da shaida da rai ba. Bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a Disambar 2012, wanda ya yi ajalinta, kwamitin da gwamnatin Indiya ta kafa a ƙarƙashin Mai shari'a Verma don duba dokar fyaɗe ya saurari ƙungiyoyin mata, ya ƙi ba da shawarar kisa duk da cewa tituna cike suke da masu kiransa. Abin da yake tsorata mai laifi shi ne tabbacin za a kama shi a hukunta shi, kuma ƙara tsaurin hukunci a takarda ba ya samar da wannan tabbaci.

Ba kuma kowace sabuwar doka ce take fita ba tangarɗa. Sifaniya ta yi dokar da ta ɗora komai a kan yarda a 2022, amma yadda aka tsara hukuncin ya sa aka rage wa fursunoni sama da dubu ɗauri, dole aka sake gyara ta a 2023.

Aikin da ya fi wuya yana farawa ne bayan an sa hannu. Doka ba ta biyan kuɗin gwajin asibiti, ba ta horar da ɗan sandan da zai karɓi ƙara ba tare da ya tambayi yarinya me ya kai ta ba, ba ta hana a ɗage shari'a har iyaye su gaji su janye. Shi ya sa yanzu za ka ji ƙungiyoyin sun fi magana a kan kasafin kuɗi, kotuna na musamman, da cibiyoyin da ake samun likita da mai ba da shawara da lauya a wuri ɗaya, irin cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013. Tunda kai uba ne, ka riƙe wannan: wadda abin ya faru da ita tana buƙatar asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki. In da hali kada ta yi wanka ko a wanke kayanta kafin likita ya duba, amma ko ta riga ta yi, a kai ta.