Gado ɗaya ko biyu a ɗakin jirgin ruwa: amsa ga wani Alhaji daga Garwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 61, matana biyu. Babban ɗana da ke aiki a Marsey ta ƙasar Faransa ya biya mana, ni da mahaifiyarsa, kuɗin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana 7 a Bahar Rum. Da yake cike takardu sai ya bugo waya ya ce kamfanin na tambaya, gadajen ɗakin a haɗa su su zama ɗaya ko a bar su biyu? Na ce a raba. Na taɓa jin wani mai wa'azi yana cewa sunna ita ce miji da shimfiɗarsa, mata da tata, har ya kawo hadisi, ya ce kwana a gado ɗaya har gari ya waye al'adar Nasara ce. Ni kuma tun tasowata turaka na sani. Hajiya tana zaune lokacin da nake wayar, ba ta ce komai ba sai "yadda Alhaji ya ga dama". Gaskiya tun da na ƙara aure bara ba ma shiri sosai, daga gaisuwa sai gaisuwa, ina jin ma shi ya sa yaron ya shirya tafiyar. Shin rabawar ce sunna, ko akwai laifi a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ba shi masu yi masa.

Kwana a gado ɗaya ba wajibi ba ne, kwana a gadaje biyu kuma ba haram ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasan dare daga Ngaundare zuwa Yawunde da iyalinsa, ya kama kushet, wato ɗakin kwana na jirgin, mai gado biyu, ya san ɗaya a sama yake kwana ɗaya a ƙasa, ba wanda ya tashi da zunubi. Haka a zafin Garwa na watan Afrilu, kowa tabarmarsa yake ja inda iska take. Da tambayarka a nan ta tsaya, Alhaji, da ni ma a nan zan tsaya.

Abin da ya riƙe ni shi ne ƙarshen wasiƙarka. Kun yi kusan shekara daga gaisuwa sai gaisuwa, matar tana zaune ka ce wa ɗanta a raba, ita kuma ta ce yadda ka ga dama. Ni da kai mun san matan ƙasar nan. Mace mai ɗan da ya girma har yana biya wa iyayensa jirgi ba za ta buɗe baki ta ce a haɗa gado ba, ko da shi take so, kunya ba za ta bar ta ba. "Yadda Alhaji ya ga dama" ba amincewa ba ce, rufe magana ce. Raba gado tsakanin waɗanda suke lafiya lau shiri ne na kwanciya kawai. Tsakanin waɗanda suke gaba kuwa saƙo ne, kuma shari'a tana da suna gare shi, hajru, wato ƙaurace wa mace a shimfiɗa. Aya ta 34 ta Suratun Nisa'i ta ba miji wannan dama ne a kan matar da ta yi nushuzu, ta bijire wa haƙƙinsa, shi ma sai bayan an yi mata nasiha ba ta ji ba. Malamanmu na Malikiyya sun ce abin da ya fi kada ya wuce wata ɗaya, kuma kada ya kai wata huɗu. To wane nushuzu Hajiya ta yi? Ba ka ambata ko ɗaya ba. Abin da na gani kishi ne, kishi kuwa ko matan Annabi (SAW) sun yi shi, har Nana A'isha ta fasa akushin abincin da kishiyarta ta aiko, Annabi (SAW) ya ce "uwarku ta yi kishi", ya mayar wa mai akushin da wani lafiyayye. Sannan a hadisin Abu Dawuda kan haƙƙin mace an ce kada ka ƙaurace mata sai a cikin gida, wato abin ya tsaya tsakaninku. Kai ga shi ka sa an rubuta a takardar kamfani, da hannun ɗanta. Saboda haka a halinku da ka bayyana, ni ba na ba ka fatawar rabawa. A haɗa.

Yanzu ga maganar mai wa'azin, don na ga ita ka riƙe. Ba ka faɗi hadisin ba, amma wanda ake kawowa kan wannan ingantacce ne, yana cikin Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi: shimfiɗa ɗaya ta mutum, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu ta Shaiɗan. Kuma ba shi ya fara wannan fahimta ba. Imam Khaɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan hijira, ya faɗa a Ma'alimus Sunan cewa hadisin na nuna an so mutum ya kwana shi kaɗai, matarsa ma ita kaɗai. Hujjarsa ita ce, hadisin yana koyar da tsimi ne, to da kwana tare ne abin so, da ba a ƙyale shimfiɗa biyu ba. Khaɗɗabi babban malami ne, ban isa in raina shi ba, amma wannan magana tasa ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Hadisin yana ƙirga abin da gida ya mallaka ne, yana jan kunne kan tara kaya don alfahari. Ba ya maganar wa ke kwana a ina. An ambaci shimfiɗar baƙo, alhali ba kullum ake baƙo ba, tana nan ne don ranar buƙata. Haka shimfiɗa ta biyun: ranar da ɗaya ba shi da lafiya, ko tana jego jariri na kuka, ko wani uzuri. Wannan ce amsar Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676, a sharhinsa na Muslim. Ya ce kafa hujja da hadisin a kan wannan mai rauni ne, kuma abin da yake daidai shi ne, in babu uzuri haɗuwarsu a shimfiɗa ɗaya ya fi, domin shi Annabi (SAW) ya dawwama a kai duk da tsayuwar darensa.

Kuma ai ba mu rasa labarin yadda yake kwana ba, matansa sun faɗa mana. Nana A'isha ta ce wani dare ta neme shi a shimfiɗa ba ta same shi ba, ta laluba, hannunta ya sauka a tafin ƙafafunsa yana sujada. Ba a neman mutum a inda ba a saba samunsa ba. Ta ce yana salla da dare ƙafafunta na gabansa, in zai yi sujada sai ya taɓa ta ta naɗe su. Ummu Salama ta ce suna kwance a mayafi ɗaya al'adarta ta zo, ta zame ta ɗauki tufafinta, ya kira ta ta koma cikin mayafin. Wannan na Ummu Salama shi ya fi ƙarfi a wurina, domin lokaci ne da saduwa ta haramta, uzurin rabuwa ya samu, amma bai bar ta ta koma gefe ba. Ibnu Abbas yana yaro ya kwana a ɗakin innarsa Maimuna, ya ce shi ya kwanta a faɗin matashi, Annabi (SAW) da iyalinsa a tsawonsa. Ɗakuna uku ke nan, al'ada ɗaya. Ko ayar ƙauracewar da na ambata hujja ce a kan mai wa'azin: da kowa da shimfiɗarsa ne asali, da me za a ƙaurace wa, kuma ta yaya zai zama horo? Cewa al'adar Nasara ce kuwa, wannan kuskure ne da ya kamata wanda ya faɗa ya janye shi, don ya jingina wa wasu abin da yake aikin gidan Annabi ne.

Turaka ba na zarginta. Al'ada ce mai kyau da ta dace da gida mai mata fiye da ɗaya, kowace da ɗakinta da 'ya'yanta, mai girki ta je wurin maigida. Hausa da Fulani sun rayu a kai, shari'a ba ta hana ba. Sai dai al'ada ce, kada a ɗora mata rawanin sunna. A jirgi kuma babu turaka, babu tsakar gida. Ɗaki ɗaya ne ƙanƙane, wani ma ba taga, in ka miƙa hannu daga wannan gado sai ka taɓa wancan. Ratar da ke tsakaninsu ba za ta ba ka keɓewar da ka saba da ita ba, abin da za ta yi kawai shi ne tuna wa Hajiya kullum dare abin da ka faɗa a waya.

Akwai uzurin da zan karɓa. In ɗayanku na da ciwon baya ko minshari mai hana barci, ko jirin teku ya kama ɗaya yana tashi amai, a raba, babu komai. Akwai ma wani dalili da masu tafiyar ke faɗa: in aka tura gadajen jikin bango biyu, fili na buɗewa a tsakiya, wanda zai iya ɗaukar darduma. Wannan dalili ne na gaskiya, amma sai ku biyun kun zauna kun yarda, ita ta faɗa da bakinta ba don kunya ba. Kai kuma ka binciki zuciyarka, kada salla ta zama mayafin fushi.

Ba ka tambaye ni ba, amma dole in tambaye ka: kwananta fa? In tun bara kana tsallake ranar girkinta, ko kana shiga ka juya mata baya don ta ji zafi, wannan ya fi maganar jirgi nauyi nesa ba kusa ba, kuma ka san abin da aka faɗa kan wanda ya karkata ga ɗaya. In har ka taɓa rantsuwa cewa ba za ka kusance ta ba, ka sake rubuto mini da ainihin lafazin da ka yi, domin wannan babin ila'i ne, hukuncinsa daban, wa'adinsa wata huɗu. Game da amarya, a Muhtasar na Shehu Khalil miji yana zaɓar wadda zai yi tafiya da ita, ban da hajji da jihadi da ake ƙuri'a, kuma ba a ramuwar kwanakin tafiya. Wasu mazhabobin sun wajabta ƙuri'a a kowace tafiya, amma a nan ɗa ne ya yi wa uwarsa kyauta. Ka faɗa wa amarya da bakinka tun da wuri, kada ta ji a bakin maƙwabta, ka kuma riƙo mata tsaraba.

Shi kansa jirgin, ka san inda za ka. Irin waɗannan jiragen akwai mashaya da yawa, akwai ɗakin caca, akwai wurin wanka a sama inda mutane ke kwance kusan tsirara. Shiga jirgin bai haramta ba, kamar yadda sauka a babban otal bai haramta ba, amma teburin da ake shan giya a kai ba wurin zamanka ba ne, na'urar caca kuma ko da wasa kada ka jefa mata komai. Nama in ba ku tabbatar da yankansa ba, kifi da kayan lambu sun wadatar, kuma ku riƙa tambaya ko an sa giya ko naman alade a miya. Salla a tsaye ake yinta ana fuskantar alƙibla matuƙar ana iyawa, manyan jiragen nan ba sa tangaɗin da zai hana tsayuwa sai in teku ta tashi. In jirgi ya juya kana cikin salla kuma ka gane, ka juya ka koma alƙibla. Daga yammacin Bahar Rum alƙibla tana kudu maso gabas, manhajar waya za ta taimaka, sai dai ƙarfen jirgi na iya rikita ta, gara ka gwada ta a sarari ka haɗa da rana. Za ku yi ƙasaru duk kwanakin nan, tunda yawanci jirgin ba ya wuce yini a tashar da ya tsaya. In kun yi niyyar kwana huɗu cikakku a gidan yaron a Marsey, ku cika salla a can. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a mazhabarmu rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya na tudu ne, ban da teku, don haka kowace salla a lokacinta. Sannan ma'aikacin da ke gyara ɗaki sau da yawa namiji ne, yana da makullinsa. In za ka fita ka bar Hajiya, a rataya alamar kada a shigo a ƙofa, a kulle ta ciki.

Na san abin da ya rage a ranka, ko ba ka rubuta ba: da wane baki za ka kira ɗan fari, wanda wataƙila ko sunansa ba ka kama wa, ka ce masa a haɗa gadon? Ba sai ka kira shi ba. Gadajen nan biyu ne ƙanana da ake turawa su haɗu a shimfiɗa musu zani ɗaya, aikin 'yan mintuna ne, kuma abin da aka rubuta a takarda ba ya ɗaure kowa. Ranar da kuka shiga, ma'aikacin ɗakin zai zo ya gabatar da kansa. Ka faɗa masa da Faransancinka na kasuwa, ko ka nuna da hannu, kafin ku dawo daga cin abincin dare ya gama. Amma kafin ku bar Garwa, ka shiga ɗakin Hajiya a ranar da ba girkinta ba, da rana, ka zauna ka ce mata maganar da ka yi a waya ka sake tunani. Ko ba ta amsa ba ta ji. Wallahu a'alam.