Hukuncin tara baƙin dutsen obsidiyan da yin ado da shi

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekara uku ke nan ina tara wani baƙin dutse mai sheƙi da ake kira obsidiyan. Ina da dunƙulallu kamar ƙwallo guda huɗu, da wani faffaɗa da aka goge har mutum yana ganin fuskarsa a ciki, da carbi, da zobe, da wata 'yar giwa da aka sassaƙa. Maiɗakina ma tana da abin hannu na irinsa. Ni dai kyansa ne ya ja ni. Kwanaki wani abokina ya zo ya gani, ya ce dutsen matsafa ne, in fitar da shi daga gida. Da na koma na karanta 'yar takardar da ta zo tare da abin hannun, sai na ga an rubuta wai yana korar kambun baka da baƙin ciki, kuma a hannun hagu ake sa shi. Hankalina ya tashi. Mene ne hukuncin ajiye shi da yin ado da shi? Ina kuma son in fara sayarwa. Shin akwai zakka a kansa?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin, don haka bari mu fara da dutsen kansa. Obsidiyan gilashi ne da Allah yake halittarsa a bakin dutse mai aman wuta. Idan narkakken dutse mai kauri ya malalo, mai ɗauke da silika kashi 70 cikin 100 ko fiye, sinadarin nan da shi ne asalin yashi, sai ya huce da sauri, ba ya samun sararin yin ƙwayoyi irin na sauran duwatsu. Sai ya daskare sumul kamar kwalba. Ana samun sa a Meziko, da Turkiyya, da Armeniya, da tsibirin Lipari na Italiya, da tsibirin Milos na Girka, da Habasha, da Kenya, da yammacin Amurka. Taurinsa a ma'aunin Mohs 5 ne zuwa 5.5, alhali daimon yana kan 10, shi ya sa yake karɓar guga kuma yake saurin karcewa. Larabawan yau suna kiran sa sabaj. An taɓa kawo mini guntunsa da ba a goge ba, na juya shi a hannu ina kallo, ban ankara ba sai ga jini a babban yatsana. Kaifin bakinsa ya wuce na aska.

Abu irin wannan mai tsarki ne, kuma asalinsa halacci. Allah Maɗaukaki yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 29, shi ne ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. A Suratul A'araf, aya ta 32, ya ce: ka ce, wa ya haramta adon Allah da ya fitar domin bayinsa? Akwai ma ayar da nake ganin ta fi kowace kusa da tambayarka, aya ta 27 a Suratu Faɗir, inda Allah ya ambaci zane-zanen da ke jikin duwatsu, farare da jajaye masu launi daban-daban, sannan ya ce "wa garabibu sud", wato baƙaƙe wuluk. A cikin ayoyin ikonsa ya lissafa baƙin dutse, ya kira mu mu duba. Wanda ya ajiye gogaggen obsidiyan a ɗakinsa yana kallo yana mamakin yadda wuta ta haifi gilashi, bai yi laifi ba.

Ado da duwatsu kuwa sananne ne a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin wuyan Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, wanda ya tsinke a tafiyar da aka yi mata ƙazafi, na duwatsun Zafar ne ta ƙasar Yaman, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa zoben Annabi na azurfa ne, dutsen kansa na Habasha. Masu sharhi sun yi saɓani a kan ma'anar wannan, wasu suka ce aƙiƙ ne ko makamancinsa da ake kawowa daga can, wasu suka ce launinsa ake nufi, wato baƙi. Kada wani ɗan kasuwa ya ɗauki wannan ya ce Malam ya ce zoben Annabi na obsidiyan ne. Ban faɗa ba, babu kuma mai hujjar faɗa. Abin da hadisin yake ba mu kawai shi ne namiji zai iya sa zobe mai dutse. Sai dai kada mazaunin dutsen ya zama zinariya, kuma a wurin malamanmu na Malikiyya azurfar kada ta wuce nauyin dirhami biyu. Abin hannu da sarƙa adon mata ne, ka bar wa maiɗakinka. Carbin kuma carbi ne kamar na itace ko na roba, tasbihin da aka ja da shi bai fi wani lada ba.

Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwai inda maganarsa ta samo asali. Mutanen Aztek na Meziko sun yi madubai da wannan dutse suna duba da su, har sunan wani abin bautarsu, Tezkatlipoka, ma'anarsa madubi mai hayaƙi. Ɗaya daga cikin irin madubin ya faɗa hannun John Dee, mai ba Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila shawara a ƙarni na 16, wanda ya shahara da neman magana da ruhohi. Madubin yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan har yau, kuma binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna daga yankin Pachuka na Meziko dutsensa ya fito. To amma ɗan Adam ya yi wuƙa da kan kibiya da wannan dutse tun kafin a san Aztek, kuma an tono madubansa a Chatalhoyuk ta Turkiyya masu shekara wajen 8,000. Ɓarnar da wasu suka yi da abu ba ta mayar da jinsinsa haramun. Samiri ya ƙera ɗan maraƙi da kayan adon mutanensa aka bauta masa, hakan bai haramta wa mata kayan ado ba. Abu Raja'in al-Uɗaridi ya ba da labari a cikin Bukhari cewa a jahiliyya dutse suke bauta wa, in suka sami wanda ya fi shi kyau sai su yar da na farko su ɗauki sabon. Duk da haka da dutse aka ɗaga harsashin masallacin Annabi. Saboda haka madubinka, in dai ado ne ko kallon fuska, babu komai. Ranar da aka zaunar da wani gabansa ana ƙura masa ido don a ga abin da zai faru gobe, wannan duba ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

'Yar takardar nan da ka karanta ita ce inda haɗarin yake, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Shari'a ba ta hana riƙo da sababi ba, amma sababi iri biyu ne kawai. Ko dai wanda wahayi ya tabbatar, kamar ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in safe da yamma, ko wanda aka gani a zahiri, aka jarraba, aka san hanyar da yake aiki. Wannan dutsen naka yana da amfani na nau'i na biyu, kuma na gaske: yana yanka. Har wasu likitocin tiyata sun yi amfani da tsininsa a madadin aska ta ƙarfe saboda siririn bakinsa. Shari'a ma ta san irin wannan amfani, domin Bukhari ya ruwaito cewa wata baiwar Ka'abu ɗan Malik tana kiwo a dutsen Sal'u na Madina, ta ga tunkiya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, aka tambayi Annabi ya ce a ci. Kowa yana iya ganin yadda kaifi yake raba fata. To ta wace hanya baƙin gilashi a wuyan hannun hagu yake tare kambun baka, kuma me ya hana shi aiki a hannun dama? Babu aya, babu hadisi, babu gwajin da ya nuna. Zance ne kawai da ake maƙala wa kaya don su yi tsada.

Irin wannan shi ne tamima, abin da ake ratayawa don tsari. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa wanda ya rataya tamima ya yi shirka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bashir al-Ansari cewa a wata tafiya Annabi ya aika a tsinke duk wata tsirkiyar baka da aka ɗaura a wuyan raƙumi, kuma Imamu Malik ya fassara cewa saboda kambun baka suke ɗaurawa. Malamai sun rarrabe: wanda ya ƙudurce dutsen da kansa yake karewa, ya faɗa babbar shirka. Wanda ya ce Allah ne mai karewa amma dutsen sababi ne, ya mayar da abin da ba sababi ba sababi, wannan ƙaramar shirka ce, haramun ce, ko da ba ta fitar da shi daga Musulunci. Ka tuna Sayyidina Umar a gaban Hajarul Aswad, dutsen da ya fi kowane dutse daraja a bayan ƙasa, yana cewa na san kai dutse ne, ba ka cutarwa ba ka amfanarwa, ba don na ga Annabi yana sumbatar ka ba da ban sumbace ka ba. In haka aka faɗa wa wancan, ina ga wanda aka goge da inji aka zuba a kwali?

Kai ka ce kyansa ne ya ja ka, na kuma gaskata ka. Amma zuciya tana da saurin zamewa, musamman bayan an karanta irin wannan takarda. Ga abin da zan ce ku gwada, kai da maiɗakinka: a ce yau zaren abin hannun ya tsinke, duwatsun suka watse ƙarƙashin kujera. In abin da ta ji takaicin asarar abin ado ne, to lafiya lau, ta ɗinke ta ci gaba da sawa. In kuwa gabanta ya faɗi, ta ji kamar an yaye mata wani rufi, ta kasa fita unguwa sai da shi, to ta cire shi ta ajiye har zuciyar ta warke. Takardar a yage ta. Kada a riƙa shanya shi a farin wata ko a yi masa turare wai don ƙarfinsa ya dawo, kamar yadda masu wannan aƙida suke koyarwa. In ya yi ƙura a share da tsumma mai laushi, shi ke nan.

'Yar giwar ce kaɗai a cikin kayanka ba zan ba ka izinin ajiyewa ba. Sassaƙen mai rai, mai inuwa, cikakken gaɓoɓi, haramun ne a mazhabobi huɗu, in ban da 'yar tsanar yara, kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura yana cikin Bukhari da Muslim. Ka cire mata kai, ka yi hattara da tartsatsin don yana yanka, sauran ya zama dutse kamar kowane. Ƙwallo da ƙwai da dala da kan kibiya babu laifi. Ka guji wanda aka sassaƙa da siffar Buda, da abin hannun nan mai ɗauke da wata dabbar almara ta Sinawa da suke kira Pixiu, wadda ake cewa tana jawo dukiya, domin wannan ya haɗa sura da tamima wuri guda.

Sayarwa halal ce, da sharaɗin ka sayar da dutse a matsayin dutse. Kada ka rubuta yana warkarwa ko yana tsari, kada kuma ka kwafo irin wancan zance ka ce ai ba kai ka ƙirƙira ba. Wanda ya gaya maka ƙarara cewa don tsari ko duba yake so, kada ka sayar masa, saboda faɗin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 2, kada ku taimaki juna a kan zunubi. Wanda bai ce komai ba, ba aikinka ba ne ka tone zuciyarsa. Sannan ka san kayanka. Akwai na gaske mai farin ɗigo-ɗigo, da mai ja-ja kamar tsatsa, da mai walƙiyar bakan gizo in haske ya doke shi. Amma yawancin abin da ake tallatawa da sunan shuɗin obsidiyan mai haske garau gilashin masana'anta ne aka rina. Sayar da shi da sunan na dutse algus ne, kuma Annabi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu. Haka kuma kada ka sayi wanda aka kwaso daga wurin da hukuma ta hana ɗiba, kamar gandun Yellowstone na Amurka, ko tsofaffin kayan tarihi da aka sato.

Zakka babu ita a kan abin da ka tara don ado, komai yawansa, domin duwatsu ba zinariya ko azurfa ba ne. Wanda ka saro da niyyar kasuwanci shi ne hajar ciniki: in shekara ta zagayo ka yi masa kuɗi, ka haɗa da kuɗin da ke hannunka, in sun kai ƙimar giram 85 na zinariya ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. Tsofaffin da ka saya don ajiya ba sa komawa haja don kawai ka sauya niyya. Sai ka sayar, sannan ka fara ƙirga wa kuɗin shekara. Abin da zai iya ɓata maka wannan sha'awa shi ne ka riƙa ƙara dutse a kabad alhali akwai bashi a wuyanka ko iyali suna da buƙatar da ba ka biya ba. In haka ne, sayen ya tsaya sai ka sauke haƙƙi.

Abokinka kuma ka gode masa, kishin addininka ne ya sa shi magana. Ka karanta masa wannan amsa, ka nuna masa giwar bayan ka gyara ta.

Wallahu a'alamu.