Abin da Za Ka Gaya wa Mai Kiɗan Sha'awa Kafin Ya Sayi Jita da Kayanta

Ɗana, tambayarka tana kan hanya. Ka ce mutum yakan shigo shago, ba makaɗin sana'a ba ne, so yake kawai ya riƙa taɓa jita a gida idan ya taso daga aiki, sai ya tambaye ka wace jita zai saya, wace amfilifaya, fedoji nawa (ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita), kai kuma ka rasa ta inda za ka kama saboda yawan sunayen kayan. To, kada ka fara da sunan kaya. Ka tambaye shi wane irin kiɗa yake saurara har ya ji yana son ya iya, sannan a wane ɗaki zai riƙa kaɗawa, kuma wa ke kwana a ɗakin da ke kusa. Mai kiɗan sha'awa ba ya hawa dandamali, babu mai ganga a bayansa da za su yi gasar ƙara. Abin da yake da shi hannunsa ne da kunnensa da ɗakinsa, su za a saya wa kayan.

Idan kiɗan da ya ambata na jitar katako ne mai rami, wadda ba ta son wuta, ka gaya masa ya sayi ita kaɗai ya bar zancen amfilifaya. Idan kuma na lantarki yake so, kada ka biye wa masu cewa dole sai an fara da ta katako. Tsirkiyoyinta sun fi kauri da tauri, kuma mutum ba ya jure ciwon yatsa a kan kiɗan da ba shi ne ya kawo shi ba.

Miƙa masa jitar ba tare da ka jona ta ba. Ya zauna, ya ɗora ta a cinya, kai kuma ka zuba wa hannunsa na hagu ido. Za ka ga ko babban yatsa ya samu wurin zama a bayan wuyan, ko kuwa yana ta murɗa tsintsiyar hannu don ya kai. Wuyan jita ya bambanta a kauri da faɗi, tsawon tsirkiya ma haka. Irin na kamfanin Fender inci 25.5 ne daga goshi zuwa gada, wato wurare biyun da tsirkiya ke hawa a sama da ƙasa, irin na kamfanin Gibson inci 24.75. A takarda bambancin kaɗan ne, amma a hannu ana jin sa: gajeren ya fi laushin dannawa, ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da ke gicce a kan wuyan, sun fi kusa da juna, mai gajerun yatsu ya fi sakewa a kansa. Nauyi ma abin dubawa ne, don jitar Les Paul ta Gibson takan kai kilo 4 ko ta wuce, kuma kafaɗa tana ba da labari bayan rabin awa a tsaye.

Daga nan sai aikinka na mai gyara, wanda shi kwastoma ba zai iya yi wa kansa ba. Danna tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka leƙa tsakiya wajen firet na 7 ko na 8. Ya kamata ka ga 'yar tazara da siririn kati zai shige da ƙyar. Idan babu tazarar ko kaɗan, tsirkiya za ta riƙa ziza a kan ƙarafa. Idan ta yi yawa, wuyan ya lanƙwashe, sai a ɗaure ƙarfen da ke cikinsa, rubu'in juyi a lokaci guda, a bar katakon ya zauna kafin a ƙara. Auna tsayin tsirkiyar a firet na 12, milimita 2 ko ƙasa kaɗan ya isa ga mai kaurin, siririyar kuma ta ɗan fi haka sauka. Shafa yatsa a gefen wuyan tun daga sama har ƙasa, ka ji ko bakin ƙarfe yana karce fata. Sannan kaɗa tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta a danne a firet na 12. Muryar ɗaya ce, ta biyun dai ta fi tsini. Idan ta danne ta zarce sama, ja mazaunin tsirkiyar baya a kan gada, idan ta gaza ka turo shi gaba. Jitoci da yawa da aka jingine a lungu aka ce ba su da kyau, saiti kawai suka rasa. Jita mai araha irin Squier ko Epiphone ko Yamaha Pacifica da aka saita da kyau ta fi mai tsadar da tsirkiyarta ke tsaye can sama daɗin kaɗawa, kuma ka faɗa masa haka ko da cinikinka zai ragu.

Game da fikof, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyi, iri biyu zai ci karo da su. Mai naɗi ɗaya shi ne na jitocin Fender irin Telecaster, wadda ta samu wannan suna a 1951, da Stratocaster ta 1954. Sautinsa garau ne mai tsini, amma yana ɗauko gurnanin wutar gida, musamman kusa da wasu fitilu ko kwamfuta. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957, an haɗa naɗin ne ta yadda gurnanin ɗaya zai kashe na ɗayan, sautinsa kuma ya fi kauri da ƙarfi. Wanda bai san inda ya dosa ba tukuna, ka nuna masa jita mai naɗi biyu a wajen gada da masu naɗi ɗaya a sauran wuraren. Abu ɗaya nake hana sabon shiga: gada mai lilo mai kulle irin ta Floyd Rose. Tana da amfaninta, amma canza tsirkiya a kanta aiki ne, kuma ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun tashi daga saiti.

Yanzu amfilifaya, inda mutane suka fi zubar da kuɗi a banza. Kowa lambar wat yake kallo, yana ganin mai wat 50 ta ninka mai wat 25 ƙara. Ba haka kunne yake aiki ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, abin da za ka ji ɗan ƙari ne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Juya lissafin ka gani: mai wat 5 tana ba da kusan rabin ƙarar mai wat 50. Fender Champ wat 5 ce, kuma idan aka buɗe ta duka a ɗaki, maƙwabci zai ƙwanƙwasa ƙofa. Marshall mai wat 100 da ta fito a tsakiyar shekarun 1960 an yi ta ne don manyan zauruka, a zamanin da amfilifayar makaɗi ita ce ke ɗaukar nauyin isar da sauti har sahun baya. Me mai ɗaki ɗaya zai yi da ita?

Abin ya fi tsanani ga amfilifaya mai kwalabe, wato mai ƙara sauti da wasu 'yan kwalaben gilashi a ciki, wadda wasu ke ce wa mai bawul. Daɗin da ake yaba mata yana fitowa ne idan an matsa wa kwalaben har sautin ya fara kaushi a hankali, yana bin ƙarfin hannun mai kaɗawa: ya taɓa a hankali ya fito garau, ya doka ya yi gurnani. Wanda ya sayi babba ya ajiye maɓallin ƙara a kan 1 saboda yara na barci, ya biya kuɗin abin da ba zai ji ba. Ga nauyi, ga zafi, ga kwalaben ƙarfi irin su EL84 da 6L6 da ke gajiya a canza su. Ni ina son mai kwalabe ƙwarai, a kanta na fi jin daɗin aiki, amma ga yawancin masu kiɗan gida abin da nake nuna musu shi ne mai kwaikwayo, wadda ke da 'yar kwamfuta a ciki tana kwaikwayon sautin tsofaffin amfilifayoyi. Tun fitowar POD ta Line 6 a 1998 fasahar take ta gyaruwa, kuma irin su Boss Katana da Yamaha THR suna ba da sauti mai kyau da ƙaramar murya. Ka tabbata tana da ramin abin sawa a kunne, don shi ne zai ba shi damar yin kiɗa da dare. Ka kuma sa ya saurari girman lasifika, domin mai inci 12 ta fi mai inci 8 cika da zurfi ko da wat ɗinsu ɗaya.

Idan ya nace sai mai kwalabe, ba laifi, ka nema masa ƙarama mai maɓallin ƙara biyu, na shiga da na fita, don ya samu kaushin ba tare da ya tayar da gida ba. Sai ka ja masa kunne a kan abu biyu. Kada ya taɓa kunna ta babu lasifika a jone, kuma om ɗin lasifikar, wato lambar turjiyarta ga wuta, 4 ne ko 8 ko 16, ya dace da ramin da ya sa ta, in ba haka ba taransifomar fita tana iya ƙonewa, ita ce kuwa mai tsadar gyara. Na biyun kai ma ya shafe ka: kada ya buɗe bayanta ya sa hannu. Kafasitocin ciki suna iya riƙe wuta ta bolt 400 ko fiye bayan an zare soket. Kai da kake koyo, ba ka taɓa ciki sai ka sauke wutar ka auna da mita ka ga ta sauka, kuma ina tsaye a wurin.

Fedoji su ne ƙarshe, kuma a rana ta farko ba ya bukatar ko ɗaya sai abin daidaita tsirkiya. Amfilifaya mai kwaikwayo tana zuwa da sautuka iri-iri a ciki. Ya yi wata biyu ko uku yana wasa da su, zai gane da kansa wanne yake komawa kullum, wanne kuma ya taɓa sau ɗaya ya manta. Ranar da ya dawo ya iya faɗa maka da bakinsa abin da ya rasa, misali ya ce yana son sautin ya yi kaushi kaɗan idan ya doka amma kada ya cushe, ranar ce ta sayen feda. Ga irin wannan akwai koriyar Tube Screamer ta Ibanez, wadda ke rage gindin sauti ta ɗaga tsakiyarsa. Idan kaushi mai yawa yake nema, akwai DS-1 ta Boss mai ruwan lemo, da ake yi tun 1978. Ɗaya zai saya, ya zauna da ita har ya san abin da kowane maɓalli yake yi. Wadda nake yawan ba masu kiɗa su kaɗai shawara a kai ita ce feda mai naɗe abin da ka kaɗa ta riƙa maimaitawa, kai kuma kana bi a kai. Tana tona asirin hannun da ba ya riƙe lokaci, kuma tana zama abokin kiɗa ga wanda ba shi da kowa.

Idan sun kai uku ko huɗu, jeri ya zama magana. Daga jita sai abin daidaita tsirkiya, sai wah, wadda ake lilawa da ƙafa ta ba da sautin "wa-wa", idan akwai, sai masu kaushi, sai masu kaɗa sauti, sannan mai amsa-kuwwa da mai ba da amon babban ɗaki a ƙarshe. Dalilin shi ne idan amsa-kuwwa ta riga mai kaushi, duk maimaicin zai shiga ya cakuɗe da sabon sauti a dagule. Ba doka ba ce, akwai masu juya jerin da gangan, amma ya fara sanin na asali. Tsohuwar Fuzz Face ta 1966 da 'yan'uwanta sun fi son su zama na farko, jita kai tsaye, don a haka suke bin maɓallin ƙarar jitar.

Mafi yawan fedojin da ake kawo mana a mace, wuta ce ta kashe su. Galibinsu bolt 9 suke ci, tsakiyar fulogin kuma ita ce negatif, mai alamar (-), kamar yadda Boss ta saba yi. Mutum ya ga adafta a gida bakinta ya shiga, ya soka, alhali tata a juye take ko bolt ɗinta ya fi, shi ke nan. Koya masa karanta ɗan zanen da ke jikin fedar da na jikin adaftar kafin ya haɗa. Ya duba miliam kuma, wato yawan wutar da feda ke sha: feda mai kaushi ta gargajiya kaɗan take sha, amma mai kwamfuta a ciki tana iya neman 100 ko fiye, kuma idan aka jera su duka a kan waya ɗaya mai rassa sau da yawa sai tsuwa ta shigo cikin sautin. Mai amfani da batir ya zare wayar shiga idan ya gama, don muddin tana ciki batirin yana tafiya ko da fitilar a kashe take. Wayar jita kuma kada ta wuce mita 6 ba dalili, saboda tsawonta yana cinye tsinin sauti. A ɗaki mita 3 ta wadatar.

Idan na hannu ya samo ya kawo maka ka duba, yi wa jitar duk gwajin da na lissafa, ka ƙara da juya ƙarfen wuya kaɗan ka tabbata yana motsi, ka kuma duba bayan kan jitar ko an taɓa ɗinke karaya, musamman a irin na Gibson. Amfilifayar kuwa ka bar ta a kunne ta yi zafi kamar minti 20, ka murɗa kowane maɓalli kana sauraron ƙarar yashi, ka girgiza fulogi a raminsa. Kafin ya fita da jitar, sa mata sababbin tsirkiyoyi masu laushi, saitin masu lambar kauri 9 zuwa 42, ka canza ɗaya a gabansa, ka miƙa masa ya canza ta biyun da hannunsa.