Ungozoma ko Likita: Wa Zai Karɓi Haihuwar Maiɗakina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a wani ƙauye kusa da Daura, kuma maiɗakina tana da ciki wata bakwai, na biyu ke nan. Tun da ta fara zuwa awo a ƙaramin asibitin garinmu ba ta taɓa ganin likita ba, ungozoma ce da wata malamar asibiti suke duba ta. Yayana da ke aiki a Katsina ya ce ganganci nake yi, domin ciki da haihuwa aikin likita ne kaɗai. Hajiyarmu kuwa ta ce mu tara ta haifa a ɗaki, babu likitan da ya taɓa ta. Don Allah a fayyace mini inda aikin ungozoma ya tsaya.

Daga wani magidanci, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sauki maiɗakinka lafiya. Gardamar da ta shigo gidanku ita ce ma'aikatan lafiya suka daɗe suna yi a tsakaninsu, kuma a ganina yayanka ya faɗi rabin gaskiya, Hajiya ma ta faɗi rabi.

Kalmar ungozoma tana rikitar da mu, domin da ita muke kiran tsohuwar unguwa mai yanke cibi, da ita kuma muke kiran wadda ta yi shekara uku a makarantar ungozomanci irin ta Malumfashi, ta ci jarrabawa, Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya ta ba ta lasisi. Wannan ta biyun, duba mai lafiyayyen ciki da karɓar haihuwar da ta zo daidai shi ne ainihin sana'arta, ba riƙon ƙwarya take yi wa likita ba. Ko a Asibitin Turai 'Yar'aduwa da ke Katsina, inda likitoci suke, ungozomomi ne ke tsaye a kan yawancin masu naƙuda. Tana auna jini da kwanciyar ɗa, tana yin allurar oksitosin da zarar an haihu don mahaifa ta tsuke, tana ɗinke ƙari idan bai yi zurfi ba, tana kuma farfaɗo da jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba.

Inda ƙura ta fi tashi shi ne a kan malamar asibitin da ka ambata, wadda mai yiwuwa ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, irin waɗanda makarantun fasahar lafiya na Daura da Kankiya suke yayewa. A 2014 Najeriya ta amince da tsarin raba ayyukan lafiya, wanda ya ba irin waɗannan ma'aikata dama, bayan ƙarin horo, su karɓi haihuwar da ba ta da tangarɗa, su sa ashanar hannu ta tazarar haihuwa, su kuma yi wa mai jijjiga allurar farko ta magniziyam salfet kafin su tura ta gaba. Dalilin a fili yake: ƙauyuka sun fi likitoci yawa, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ne ke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Likitoci da yawa suna ganin horon ya yi gajere, kuma an miƙa aikin ba tare da isasshen sa ido ba. Su kansu ungozomomi wasunsu ba su ji daɗi ba, suna ganin an shigo musu gona. Ba zan ɓoye maka ba, rigimar albashi da ta shugabancin asibiti da ke tsakanin ƙungiyoyin ma'aikata takan cuɗanya da wannan muhawara, har mai sauraro ya kasa rarrabe kishin majinyaci da kishin muƙami. Duk da haka tsoron likitocin ba na banza ba ne, domin ruwan naƙuda a hannun wanda bai san lokacin sa shi ba yana iya fasa mahaifa.

Tiyata kuwa, a ƙasar nan aikin likita ce. Ƙasashe irin su Mozambik da Tanzaniya da Malawi sun daɗe da horar da jami'an da ba likitoci ba suna ciro jarirai, amma dokarmu ba ta bi wannan hanya ba, saboda haka duk wanda ya ce zai yi wa matarka aiki alhali ba likita ba ne, ka ɗauke ta ku bar wurin.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ko masu duba ta sun san iyakarsu, kuma ko hanyar zuwa babban asibiti a buɗe take. Cikin da ya yi wata tara lafiya lau yana iya rikiɗewa cikin rabin sa'a. Matan da ake yi wa gyaran yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su, wato kan ɗa ya tokare kwana ɗaya ko biyu ana jiran ya sauko, alhali tiyata a kan lokaci da ta raba su da wannan wahala. Nan ne maganar Hajiya ta gaza. Allah Ya kiyaye ta sau tara, amma sa'o'inta na haihuwa da ba su dawo ba, ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Ka raka maiɗakinka awo na gaba, ka tambayi ungozomar cikin ladabi ko ta ga wani abin da ke buƙatar likita. Idan haihuwar farko da tiyata aka yi, ko jininta yana hawa, ko hoton ciki ya nuna tagwaye, ko ɗa ya kwanta a gicciye, ko tana da sikila ko ciwon suga, to a babban asibitin Daura ya kamata ta haihu, kuma ungozomar kirki ita za ta fara faɗa maka haka. Idan babu ko ɗaya, ta ci gaba da awo a inda take, kodayake ganin likita sau ɗaya kafin wata tara zai kwantar wa yayanka hankali, kuma ba raini ba ne ga masu duba ta.

Ka kuma tambaya ko ana kwana a ɗakin haihuwar, da inda suke tura mace idan abu ya gagara. Tun yanzu ka yi magana da mai mota, ka tanadi kuɗin mai, ka nemi 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Zubar jini, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, da kumburin fuska, da fashewar faya ba tare da naƙuda ba, da ɗa ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce awa 12, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, duk ba a jiran gari ya waye a kansu. Ka bar izini a gida tun yau, cewa ko ba ka nan a ɗauke ta a tafi.